Me ya sa Franz Marc ya zana dawakinsa da shuɗi?

Wane zane ake nufi?

Zanen manyan dawaki uku shuɗɗa da Franz Marc, haifaffen birnin Munik na Jamus, ya yi a 1911. Yanzu yana gidan adana zane-zane na Walker Art Center da ke Minneapolis a Amurka.

Doki shuɗi kuma? Ko bai san doki ba ne?

Ya san shi ciki da waje, don har darasin ƙirar jikin dabbobi ya koyar. Mu da muke da kili da akawal da bidi ba mu da sunan doki shuɗi, shi ma ya san babu shi. Da gangan ya yi. A wasiƙar da ya aika wa abokinsa mai zane August Macke a Disamba 1910, ya ce shuɗi alamar namiji ce, mai kamewa da kusanci da ruhi. Rawaya ta mace ce, mai taushi da fara'a. Ja kuwa shi ne duniyar da ake taɓawa da hannu, mai nauyi da zafin hali, wadda sauran biyun za su rinjaya.

To ina wannan ya fito a zanen?

Dubi bayan dawakin: tuddai ne jajaye. Shuɗin ya cika gaba, jan ya koma baya. Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne siffar. Dawakin sun sunkuyar da kai, sun manne da juna, gadon bayansu ya lanƙwashe daidai da lanƙwasar tuddan, har sai ka rasa inda dabba ta ƙare ƙasa ta fara. Ba linzami, ba sirdi, ba mahayi. Itatuwa biyu farare sirara ne kaɗai suka ratsa wannan zagayen.

Me ya sa dabbobi?

Marc yana ganin sun fi mutum tsarkin zuciya, kuma burinsa ya zana duniya yadda dabbar take jin ta. A 1911 ɗin ne shi da mai zane Wassily Kandinsky suka kafa ƙungiyar masu zane ta Der Blaue Reiter, wato Mahayi Shuɗi.

Ina ya ƙare?

An kashe shi a fagen daga, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusa da Verdun a Faransa ranar 4 ga Maris 1916, yana da shekara 36. A 1937 gwamnatin Nazi ta kira ayyukansa gurɓatattu, ta kwashe su daga gidajen tarihi. Ɗaya daga cikinsu, na dawaki huɗu shuɗɗa kamar an ɗora su bisa juna, ya ɓace tun 1945.