Mazan Jiya: Daga Dazukan Burma Zuwa Ƙofar Ma'aikatar Kuɗi

Kowace 15 ga Janairu, shugaban ƙasa da gwamnoni kan ajiye furanni a dandalin tunawa da sojojin da suka kwanta dama, a harba bindiga, a saki tattabaru. Kafin ranar an riga an ƙaddamar da bajon tunawa da mazan jiya, manya sun yi alƙawarin gudummawa. A Janairun 2025 kuwa, ana sauran kwanaki a yi bikin, tsofaffin sojoji sun toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman a biya su bashin haƙƙoƙinsu, kamar yadda suka yi a Disambar 2024. Abin ba yau ya fara ba. Girmamawa a fili da jan ƙafa wajen biya sun daɗe suna tafiya tare, tun kafin a ba mu mulkin kai.

A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 a Legas, akasarinsu masu jin Hausa, ya ba su horo. Rundunar sojan Najeriya daga nan take ƙirga shekarunta. Lugga ya zo a 1897 ya kafa rundunar Afirka ta Yamma, Hausa ta zama harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Najeriya fiye da 100,000 suka sa kaki. Sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, daga baya aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, suka shiga dazukan Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, suna fafatawa da Japan, suna ɗauke da kayan yaƙi a ka inda mota ba ta shiga.

Mutumin Kaduna da ke wucewa ta barikin Dalet ko Kalapanzin sunayen wurare a Burma yake furtawa. Haka Dodan da Myohaung a Legas, da Letmauk a Ibadan. Barikin Chindit na Zariya ya samo suna daga dakarun da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944, cikinsu har da bataliyoyi uku na Najeriya. An adana sunayen fagagen daga fiye da yadda aka adana mutanen da suka yi dagar.

Da aka tashi sallama aka ga bambanci ƙarara. Takardun gwamnatin Ingila da 'yan jarida suka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa kurtun soja Bature na iya samun sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, takwaransa baƙar fata kuwa sule uku da sisi. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi doka a 1945 da ta nemi ma'aikatu su ɗauki tsofaffin sojoji, amma guraben ba su kai yawan masu nema ba. A Arewa wanda ya koyi tuƙi a soja ya samu abin yi. Wasu suka shiga ɗan doka a En'e, wasu masinja, da yawa gadi. Saura suka koma gona da lambar yabo a cikin adaka.

A Gana ne tura ta kai bango. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Akara da takardar koke, 'yan sanda suka buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka mutu. Tarzomar da ta biyo baya ta sa aka tsare Kwame Nkrumah da abokansa biyar, ta kuma gaggauta tafiyar da ta kai ƙasar ga 'yanci a 1957.

'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da suka yi wa Faransa yaƙi, tasu ta fi ɗaci. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disambar 1944, sojojin Faransa suka bindige sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman albashinsu. A 1959 kuma Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, na Faransawa yana ta hawa, nasu yana nan inda yake. Sai da ƙarar da wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya shigar ta yi nasara a kotu a 2001, sannan aka kammala daidaita kuɗin a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna kushewa.

A Najeriya dokar 1964 ce ta kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Ba a jima ba yaƙin basasa ya zo ya ninka mata nauyi. Sojan da bai wuce kimanin 10,000 ba kafin 1967 ya kai wajen 250,000 a 1970. Ga guragu, ga zawarawa, ga marayu, ga dubban samari da aka ɗauka cikin gaggawa wanda dole a rage. Saboda ƙarshen wannan yaƙin ne aka ɗauke ranar tunawa daga 11 ga Nuwamba aka mai da ita 15 ga Janairu. An kafa hukumar fanshon soja a 1975, akwai kuma cibiyar Oshodi a Legas da ke koya wa masu barin aiki sana'a. Waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara sai a 2000 Obasanjo ya mai da korarsu ritaya.

A takarda, tsari bai rasa ba. Har an cire sojoji daga tsarin fanshon karo-karo a 2011, gwamnati ta ci gaba da ɗaukar nauyinsu kai tsaye. Matsalar tana wajen sakin kuɗi, da tantancewar da kan sa tsoho mai ciwon ƙafa ya yi doguwar tafiya don kawai ya nuna yana raye. A ganina, muddin ana dogaro da sayar da bajo da gudummawar manya, to haƙƙi ne ake ba shi kamannin sadaka.

Abin da ya riƙe mazan jiya a zahiri shi ne junansu. Reshen Legion na ƙaramar hukuma shi ke bin takardun matar mamaci, shi ke haɗa kuɗin asibiti, shi ke tsayawa a jana'iza. Ƙungiyar tana da sashen masu gadi da ake gani cikin kaki a ƙofar ma'aikatu da makarantu. Ana kiran wannan ci gaba da bauta wa ƙasa, kuma haka ne, sai dai da yawansu rashin isar fansho ne ya fito da su, ba sha'awar tsayuwa a rana ba.

Yanzu wani sabon ayari yana tahowa. Tun 2009 ake yaƙi da Boko Haram, ga na 'yan bindiga a Arewa maso Yamma, ga waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, tun shekarun 1990. Wasu sun dawo da raunin da ido ba ya gani: rashin barci, firgita, saurin fushi a gida. Akwai kuma waɗanda ba su da lambar soja ko kaɗan: 'yan Kato da Gora da suka tashi a Maiduguri a 2013, da mafarauta, da dakarun sa-kai da Katsina ta ƙaddamar a 2023, da Askarawan Zamfara na 2024. Su ke fara isa wurin da aka kai hari, su ke ɗauko gawa da mai rauni. Hukumar fanshon soja ba ta san da su ba, Legion ba tasu ba ce, kuma abin da iyalan wanda ya mutu a cikinsu za su samu ya dogara ne da gwamnan da ke kan kujera a lokacin.