Mamban sa kai a kwamitin tsara gari da muhalli: wane ne shi, mene ne aikinsa?

Idan aka ce wane mamban sa kai ne a kwamitin tsara gari da muhalli, ana nufin mutumin gari ne, ba ma'aikacin hukuma ba, wanda ya yarda a riƙa zama da shi ana duba yadda za a yi amfani da ƙasa a yankinsu: ina za a yanka filaye, ta ina hanya za ta bi, ina ruwan sama zai sauka, ina za a kai shara, wane gini ne ya dace da wane wuri. Ba shi da albashi. Wani lokaci a ba shi kuɗin mota ranar zama, wani lokaci da aljihunsa zai zo. A nan Gombe da an ambaci 'yan sa kai hankali ya fi tafiya ga masu sintirin dare ko 'yan agajin masallaci. Wannan ma sa kai ne, sai dai aikinsa zama ne da karatun takarda da taka ƙafa zuwa fili.

A ƙananan garuruwan Amurka da yawa, majalisar gari ce ke naɗa mazauna gari a irin wannan kwamiti, su saurari mai son gini da maƙwabtansa a bainar jama'a kafin a ba da izini. Mu ma dokarmu ba ta bar jama'a a waje ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hawa uku: hukuma ta ƙasa, ta jiha, da ta ƙaramar hukuma. A ta ƙaramar hukuma ta ce a sa wakilan mazaɓu tare da masana irin su injiniya, safiyo, lauya da mai zanen gini. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha da yadda take tafiyar da nata. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ita ce ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta kuma tanadi kwamitocin ba da shawara kan rabon filaye a jiha da ƙananan hukumomi.

Waɗannan kujeru naɗi ake yi, gwamnati ce ke zaɓa. Inda talaka ya fi samun ƙofar sa kai shi ne ƙasa da nan: kwamitin tsafta na unguwa, ƙungiyar ci gaban unguwa, ko kwamitin da ake kafawa a wurin da za a yi babban aiki don ya tsaya tsakanin ɗan kwangila da jama'a. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗi suna zuwa da sharaɗin tuntuɓar mutanen wuri da buɗe hanyar kai ƙorafi. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 kan dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, yana cikinsu, haka ma NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa da ya gabace shi. Irin waɗannan kwamitoci ba sa sa hannu a takardar izinin gini. Wannan aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, kamar yadda rajistar filaye a Gombe ke hannun hukumar taswirar filaye ta GOGIS, tsafta kuma hukumar kare muhalli ta GOSEPA. Abin da kwamiti yake da shi baki ne da ido.

Duk wanda ya san Gombe ya san abin da ya sa bakin nan da idon nan suke da daraja. Garin a cikin kwari yake zaune. Ruwa daga tudun yamma, wajen Tumfure, yake gangarowa ya ratsa unguwanni zuwa gabas, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zubewa. A 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan daga Nafada, gari ya yi ta girma a hankali, sai ga 1996 an ƙirƙiri jiha an mai da shi babban birni. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe suka zauna tare da mu. Yau gidaje sun tsallaka iyakar ƙaramar hukumar Gombe sun shiga Akko da Kwami da Yamaltu-Deba. Mafi yawan wannan yaɗuwa awon igiya ne: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa fegi, a sayar. Ba a ware makaranta ba, ba a ware maƙabarta ba, lungun da aka bari ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Gona tana shan ruwan sama. Da an rufe ta da kwano da siminti, ruwan da ƙasa take shanyewa sai ya taru ya kwarara. In ba a yi masa lambatu ba, zai haƙa wa kansa hanya. Ramin da yaro yake tsallakawa bana, nan da 'yan damuna ya zama kwarin da ke cin gida. Mutanen Malam Inna da Kagarawal da na bayan kwalejin horon malamai ta tarayya ba sai an ba su labari ba, sun ga bangon maƙwabci ya rufta, sun kuma ga irin maƙudan kuɗin da aka kashe kafin a ɗaure bakin kwarin da kankare. Sai a ƙara da masu ɗibar yashi da tifa a gindin kwari, da leda da ke toshe kwalbati, da bishiyoyin da aka sare. Shirin dashen itatuwa na 3G da gwamnatin jiha ta fara a 2019 yana ƙoƙarin maido da wani abu daga ciki, amma dashe ba ya rayuwa sai unguwa ta samu mai ba shi ruwa da kare shi daga awaki.

To a nan ne mamban sa kai yake da abin da ma'aikaci ba shi da shi. Ma'aikaci yana da taswira da doka. Dattijon da ya yi noma a wurin shekara talatin ya san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ya san tsohon burtali, ya san inda aka taɓa binne mutane. A ganina babbar asararmu ita ce waɗannan ilimi biyu ba sa haɗuwa sai bayan an shafa wa gida jan fenti, katafila tana hanya. A lokacin mai gida ya riga ya zuba abin da ya tara a rayuwarsa, rusau kuma ko da yana kan doka, hawaye yake bari. Kwamiti mai rai yana sa su haɗu tun ana kafa fegi.

Aikin da kansa ba mai ƙyalli ba ne. Za ka halarci zama, ka saurari ƙarar wanda maƙwabci ya juyo wa da ruwan kwata ƙofar gida, da wadda aka kafa wa injin niƙa a jikin bangon ɗaki, da masu tsoron gidan mai da ake shirin ginawa kusa da makarantar Islamiyya. Za ka je ka gani da idonka. Za ka tambayi tazarar da ke tsakanin masai da rijiya. Za ka koyi karanta zanen fili ko da da taimakon wani ne. Idan babban aiki ne, dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992, ta wajabta a yi bincike kafin a fara, ana kuma ajiye rahoton a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 domin mai magana ya yi. Sau da yawa kwanakin kan ƙare ba wanda ya leƙa. Mamba nagari shi ne zai je ya karanta, ya dawo ya yi wa mutane bayani da Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Tera, ya rubuta ƙorafinsu ya miƙa kafin a rufe. Kuma komai a rubuce, da kwanan wata, domin maganar baki ba ta zama hujja a ofis.

Wurin da ya fi wuya shi ne amana. Ranar da filin da ake magana a kai na ƙanin mahaifinka ne, ko na wanda ya taɓa yi maka alheri, ranar ake sanin mamba. Ka'ida ita ce ka faɗi alaƙarka a gaban kowa, ka janye daga wannan magana. Dillalin fili yana iya ba kwamiti bayani mai amfani, amma bai kamata ya yanke hukunci kan filin da yake da la'ada a ciki ba. Akwai kuma jarabawar "Alhaji ya ce a gaishe ku". Wanda ya karɓi wannan gaisuwa sau ɗaya ya sayar da bakinsa. Sannan mamba ba duba-gari ba ne, ba alƙali ba ne: ba ya cin tara, ba ya rushe gini, ba ya sa matasa su tare wa wani hanya. Nasa ya ba da shawara, ya kai rahoto, ya yi ta bibiya har a yi abin da ya dace.

Ina so in ga mata a irin waɗannan kujeru fiye da yadda ake gani yanzu. Su ne suka san lokacin da ruwan rijiya ya canja ɗanɗano, su ne ke jinyar yara idan kwata ta kwanta sauro ya yi yawa. Inda al'ada ba ta ba da damar zama wuri ɗaya ba, a yi musu nasu zaman, a kawo maganarsu a rubuce ta shiga cikin shawara. Haka malaman makaranta, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da matasan da suka karanta fannin ƙasa ko gine-gine a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere suna zaune ba aiki.

Mai son shiga ya fara da mai unguwarsa, ya tambaya ko akwai kwamiti. In akwai, ya nemi halartar zama ko da a matsayin mai sauraro. In babu, mutum biyar ko bakwai masu mutunci sun isa su kafa, da sanin dagaci da kansila, su yi rajista a ƙaramar hukuma, su kai takardar gabatar da kansu ga hukumar tsara birane da ta tsafta domin a san da su. Aikin farko da ya dace su yi shi ne su zagaya unguwa bayan ruwan sama mai ƙarfi, su rubuta duk inda ruwa ya bi da inda ya kwanta, su ɗauki hoto da waya, su ajiye kwafi ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya su miƙa wa hukuma.