Rage kasafin kuɗin tarayya da inshorar lafiya a Amurka

A Amurka babu tsarin lafiya guda ɗaya da ya ɗauki kowa da kowa. Mafi yawan masu aiki suna samun inshorar lafiya ne ta wurin ma'aikatunsu, da yawa daga sauran jama'a kuwa sun dogara ga shirye-shiryen da gwamnatin tarayya ke zuba wa kuɗi. Saboda haka, duk lokacin da majalisar dokoki a Washington ta rage kasafin kuɗi, tasirin yakan sauka kai tsaye a kan yawan mutanen da ke da inshora da kuma abin da suke biya daga aljihunsu.

Shirye-shirye uku ne ginshiƙan wannan tsari. Medicare da Medicaid an kafa su a 1965 zamanin shugaba Lyndon Johnson. Na farko don masu shekara 65 zuwa sama da wasu naƙasassu, na biyu kuma don masu ƙaramin ƙarfi. Na uku shi ne tallafin da dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta tanada ga waɗanda ke sayen inshora da kansu. Wannan doka ta kuma faɗaɗa Medicaid ya haɗa da manya da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci ba, amma hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 ya bar wa kowace jiha zaɓi, kuma jihohi 40 da birnin Washington ne suka karɓa.

Medicaid ne ya fi jin jiki idan aka taɓa kasafi, domin kuɗinsa haɗin gwiwa ne tsakanin tarayya da jihohi. Tarayya na biyan aƙalla rabi, tana ƙara wa jihohi matalauta irin su Misisipi, tana kuma ɗaukar kashi 90 cikin 100 na kuɗin waɗanda aka shigar ta hanyar faɗaɗawa. Kusan dukkan jihohi doka ta hana su kashe fiye da abin da suka samu a shekara, don haka idan kason tarayya ya ragu ba su da damar cike giɓin da rance yadda ita tarayyar ke yi. Abin da ya rage musu shi ne su ƙara haraji, ko su rage abin da suke biyan likitoci da asibitoci, ko su janye wasu hidimomi, kamar yadda Kalifoniya ta soke mafi yawan kulawar haƙori ga manya a 2009. Idan kuɗin da ake biyan likita ya yi ƙasa sosai, yakan daina karɓar masu Medicaid, sai mutum ya kasance da katin inshora a hannu amma babu wanda zai duba shi a kusa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da Medicaid ke biyan kuɗin kusan haihuwa huɗu cikin kowace goma, da kuma mafi yawan mazauna gidajen kula da tsofaffi.

Ragi mafi girma a tarihin shirin ya zo ne a dokar haraji da kasafi da shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta cewa za ta zabtare kimanin dala biliyan 900 daga Medicaid cikin shekara goma, kuma nan da 2034 mutane kusan miliyan 10 za su ƙaru a sahun marasa inshora. Dokar ba ta kori kowa da suna ba. Ta bi ta hanyar sharuɗɗa ne. Daga farkon 2027, manyan da suka shiga ta hanyar faɗaɗawa sai sun nuna shaidar aiki, ko karatu, ko aikin sa-kai na awa 80 a wata, kuma za a riƙa sake tantance su duk wata shida maimakon sau ɗaya a shekara. Magoya bayan dokar suna cewa hakan zai toshe ɓarna ya kuma tura masu ƙarfi neman aiki, sun kuma ware dala biliyan 50 don tallafa wa kiwon lafiya a karkara.

Sai dai an riga an gwada irin wannan sharaɗi. A 2018 jihar Akansas ta fara shi, kuma kafin kotu ta dakatar da shi a Maris na 2019 mutane fiye da 18,000 sun rasa inshorarsu. Da farko ta intanet kaɗai ake ba da rahoton awannin aiki, a jihar da gidajen karkara da dama ba su da ita. Binciken masana na Jami'ar Harvard ya gano cewa yawan masu aiki bai ƙaru ba, kuma akasarin waɗanda abin ya shafa ko dai suna aiki ko kuma sun cancanci a ɗauke musu sharaɗin. Abin takaici a nan shi ne, mai wanke kwanuka a gidan abinci wanda awanninsa ke hawa da sauka daga mako zuwa mako, ko matar da wasiƙar tantancewa ta je tsohon adireshinta, su ne suka fi saurin faɗuwa. Haka aka gani bayan annobar korona: da aka dawo a Afrilun 2023 da tantancewar da aka dakatar lokacin annobar, an cire mutane fiye da miliyan 25 daga Medicaid, kuma kusan kashi biyu cikin uku saboda matsalar takardu ne.

A ɓangaren masu sayen inshora da kansu, ƙarin tallafin da aka kawo a 2021 aka kuma tsawaita a 2022 ya ninka yawansu zuwa kimanin miliyan 24. Wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen 2025, kuma taƙaddama a kansa ce ta haddasa rufe ayyukan gwamnati na kwana 43 a 2025, mafi tsawo da aka taɓa yi zuwa lokacin. Idan kuɗin wata-wata ya tashi, matasa masu ƙoshin lafiya ne ke fara ficewa, marasa lafiya su tsaya domin ba su da zaɓi, sai kamfanoni su ƙara farashi a kan waɗanda suka rage.

Wanda ya rasa inshora yakan jinkirta zuwa asibiti, ya raba ƙwayar hawan jini gida biyu don ta kai shi ƙarshen wata, har ciwon ya kai shi sashen gaggawa. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicare su duba shi ko da ba shi da ko sisi. Kuɗin wannan jinya yakan zama bashi a wuyansa, ko asara ga asibitin, wanda shi kuma yakan ƙara kuɗi a kan masu inshora. A ƙananan garuruwa kuwa, inda asibiti ɗaya ne tilo, sashen haihuwa ne galibi ake fara rufewa.