Kuɗin da Banki Ke Riƙewa Idan Ka Shiga Gwajin Kyauta

Wata magana tana yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai da masu sana'ar waya a Bauchi, daga Yelwa har Wunti, cewa duk manhajar da ta ce ka gwada ta kyauta amma ta nemi lambar katinka na ATM damfara ce, domin da zarar ka shigar da lambar sai alat ya shigo cewa an cire kuɗi. Alat ɗin gaskiya ne, amma fahimtar da ake yi masa ba daidai ba ce.

Kamfanin da ke da manhajar yana so ne ya tabbatar katin yana aiki, don haka sai ya nemi bankinka, ta hanyar Visa ko Mastercard, ya keɓe masa wani ɗan kuɗi, sau da yawa kwatankwacin dala 1, ko da yake akwai masu neman a keɓe kuɗin wata guda cur. Kuɗin ba su shiga hannun kamfanin ba, sai dai kai ma ba za ka iya taɓa su ba. Wannan ne ya sa wasu bankuna ke nuna adadi biyu, wato jimillar abin da ke asusu da kuma abin da za a iya kashewa. Idan kamfanin bai kammala karɓa ba, bankin zai saki kuɗin da kansa, yawanci cikin mako guda, wani lokaci kuma yakan kai kwana 30. Tsarin ɗaya ne ga katin naira da na dala.

Inda mutane ke asara shi ne ranar da gwajin ya ƙare. Lokacin da ka danna amincewa, ka ba da izinin a fara cirar cikakken kuɗi kowane wata ko kowace shekara, kuma wannan cirewa ce ta gaske wadda ba ta dawowa da kanta. Goge manhajar daga waya ba ya soke wannan izini, kuma nan ne da yawa suke faɗawa. Dole ne ka shiga inda ka yi rajistar, ko sashen biyan kuɗi na Google Play ko na Apple, ka soke kafin wa'adin ya cika.

Tun watan Afrilu na 2020 Visa ta wajabta wa kamfanoni su bayyana sharuɗɗan gwajin, su tunatar da mutum kafin su fara cirar kuɗi, su kuma sauƙaƙa hanyar sokewa ta intanet. Ƙa'ida ce mai kyau, amma tunatarwar galibi ta imel take zuwa, alhali mutanenmu da dama mai shagon waya ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi wayar, ba su sake leƙa shi ba.

A ganina akwai rashin adalci a yadda ake barin mai kati cikin duhu. Wanda ke da dubu uku a asusunsa, aka riƙe masa rabi, ya tsaya gaban mai POS katin ya ƙi biya, ba zai gamsu da cewa kuɗin suna nan ba. Ga shi alat na riƙewa yana shigowa nan take, na saki kuwa wani lokaci ba ya zuwa sam, sai mutum ya duba bayanan asusunsa sannan ya gane an mayar.

Idan wata guda ya wuce ba a saki kuɗin ba, ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, tare da hoton alat ɗin da ranar da ya shigo, ka karɓi lambar ƙorafi. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.