Tambayoyi da Amsoshi: Me Einstein Ya Yi Imani da Shi?

Da wuya mako ya wuce ba ka ga hoton tsohon nan mai buzu-buzun furfura a Facebook ba, an liƙa masa wata magana a ƙasa. Mai addini ya ja shi gefensa, mai musun Allah ma ya ja. Alhali masanin kimiyya Albert Einstein, wanda aka haifa a Ulm ta Jamus a 1879, ya mutu a Princeton ta Amurka a 1955, ya bar wasiƙu jibgi. Ba sai an sa masa magana a baki ba.

Shin ya yarda da Allah?

Bayahude ne, iyayensa ba su damu da ibada ba. Shi da kansa ya rungumi addini yana yaro, har ya daina cin naman alade, amma yana shekara 12 littattafan kimiyya suka sa ya saki. A 1929 wani malamin Yahudawa a New York, Herbert Goldstein, ya aika masa da wannan tambayar ta tangarahu. Ya amsa cewa ya yarda da Ubangijin da masanin falsafa Spinoza ya bayyana, wanda ake gani a tsarin halitta, ba wanda ke lura da ayyukan mutane da makomarsu ba. A 1954 ya rubuta wa marubuci Eric Gutkind wasiƙa da Jamusanci, ya ce kalmar Allah a wurinsa daga raunin ɗan Adam ta samo asali. An sayar da takardar a 2018 kan kusan dala miliyan 3.

Duk da haka ransa yakan ɓaci idan aka kira shi mai musun Allah. Ya kwatanta mu da yaron da ya shiga ƙaton ɗakin karatu cike da littattafai cikin harsunan da bai iya ba: ya san akwai wanda ya rubuta su, ya hango akwai tsari a jerinsu, amma bai gane shi ba. Musulmi ko Kirista ba zai kira wannan imani ba, kuma ni ina ganin gara a faɗi haka ƙarara da a yi masa kwaskwarima. Labarin cewa ya musulunta a ɓoye ba shi da hujja.

To, maganarsa cewa Allah ba ya caca fa?

Gardamar kimiyya ce. A wasiƙarsa ga masanin kimiyya Max Born a 1926 yana ƙin yarda ne cewa ƙwayar zarra na tafiya bisa dace kawai.

Shi ya ƙera bam ɗin nukiliya?

A'a, bai yi aikin ba. Amma a 1939 ya sa hannu a wasiƙar da ta gargaɗi Shugaba Roosevelt na Amurka cewa Jamus ta Hitler na iya riga kowa ƙera shi. Abin ya tsaya masa a rai bayan Hiroshima. A 1954 ya gaya wa masanin kimiyya Linus Pauling cewa wannan sa hannun shi ne babban kuskuren rayuwarsa. Saura mako guda ya mutu, ya sa hannu a sanarwar masanin falsafa Bertrand Russell ta adawa da makaman nukiliya.

Ina ya tsaya a siyasa?

Wanda ya tsere wa 'yan Nazi a 1933 ya san zafin wariya. A 1937 wani otal a Princeton ya hana mawaƙiya Marian Anderson ɗaki saboda baƙa ce, sai ya sauke ta a gidansa. A 1946 ya kira wariyar launin fata cutar fararen fata. Ya goyi bayan gurguzu, hukumar FBI ta tara bayanai a kansa fiye da shafi 1,400. Ya so Yahudawa su sami matsuguni a Falasɗinu, amma cikin zaman tare da Larabawa, kuma a 1948 yana cikin waɗanda suka la'anci kisan da aka yi wa Larabawa a ƙauyen Deir Yassin a jarida. Da aka yi masa tayin shugabancin Isra'ila a 1952, ya ƙi.

Shi ma yana da tabo. Littafin tafiyarsa ta 1922 zuwa 1923 na ɗauke da kalaman raini ga mutanen Sin, masu ciwo in ka tuna bakin da suka fito.

Yaya yake tunani?

Da hotuna, in ji shi, kalmomi sai daga baya. Yana ɗan shekara 16 ya fara tambayar kansa me zai gani in ya bi haske a guje har ya kamo shi. In lissafi ya cije, yakan ɗauki gogensa ya yi ta kiɗa. Yana ɗan shekara huɗu ko biyar mahaifinsa ya nuna masa kamfas. Ya juya shi ta ko'ina, allurar ta nace sai arewa, kuma har ya tsufa yana ba da labarin yadda abin ya girgiza shi.