Kafofin watsa labarai a Jamhuriyar Nijar

Kafofin watsa labarai na Nijar sun haɗa da rediyo, talabijin da jaridu, na gwamnati da masu zaman kansu, kuma manyansu a Yamai suke da mazauni. Rediyo ce kan gaba nesa ba kusa ba, domin da Faransanci ake buga yawancin jaridu, akasarin jama'a kuwa ba sa karanta shi.

Rediyon ƙasa ta fara aiki a 1958 da sunan Radio Niger, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. A 1974 ta koma Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Ƙarfinta yana ga harsuna: ban da Faransanci, tana ba da labarai da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamashek. Ta wannan hanya manomi a karkarar Tawa yake jin sanarwar ganin wata, ranar rigakafin yara da hasashen damina, da harshen da ya tashi da shi.

Abin da ya cancanci a tuna shi ne ƙungiyoyin masu sauraro da aka kafa tun 1962. Mutanen gari kan taru a gaban akwati ɗaya su ji shiri, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a aika Yamai, a sake watsawa. Talaka ya samu bakin magana ke nan tun kafin zuwan wayar salula.

Gwamnati na da tashar Télé Sahel, da jaridar Le Sahel, da kamfanin dillancin labarai na ANP da aka kafa a 1987.

Kafofi masu zaman kansu sun ɓullo ne da guguwar dimokuraɗiyya. Jaridar Haské ta fito a 1990, Le Républicain a 1991, sannan rediyoyin FM irin su Anfani suka biyo baya. Tun 2016 Studio Kalangou ke shirya labarai a Yamai, rediyoyin karkara suna yaɗawa.

'Yancin aikin jarida kuwa yana hawa yana sauka. A 2010 an soke hukuncin ɗauri kan laifukan aikin jarida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da rediyon RFI da talabijin na France 24 na ƙasar Faransa, a Disambar 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku, matakin da ya shafi ɗimbin masu bin sashen Hausa a FM.