Dokar gandun daji ta Normawa: lokacin da barewa ta fi talakan Ingila daraja

A ranar 14 ga Oktoba 1066 ne Wiliyam, mai sarautar Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings, inda aka kashe sarki Harold. Cikin shekara 20 kusan duk manyan filayen ƙasar sun koma hannun mutanensa, Normawa. Amma a cikin sabbin abubuwan da suka zo da su, kaɗan ne suka ci wa talaka tuwo a ƙwarya kamar dokar gandun daji.

Ga yadda take. Sarki zai zaɓi wani yanki ya ce daga yau ya zama gandunsa na farauta. Ba lallai wurin ya kasance kurmi ba. Akwai ƙauyuka a ciki, da gonaki, da wuraren kiwo, da mutanen da kakanninsu suka sare wurin. Ba a ƙwace wa yawancinsu gonakinsu ba, sai dai an ɗora musu wata doka ta daban a kan dokar da sauran ƙasa ke bi, da kotunanta da ma'aikatanta. Mafi shahara shi ne New Forest a yankin Hampshire, wanda Wiliyam ya keɓe wajajen 1079, kuma sunansa ya fito a Domesday, kundin ƙididdigar filaye da dukiya na 1086.

Abu biyu dokar ke karewa. Na farko namun farautar sarki, wato barewa iri-iri da aladen daji. Na biyu duk wani tsiro da namun ke ci ko suke fakewa a cikinsa. A wannan na biyun ne wahalar take. Mutum da gonarsa, amma ba shi da ikon sare itatuwanta yadda ya ga dama. Ba zai share sabon fili ya ƙara noma ba, ba zai kewaye wuri ko ya yi gini ba sai da izini. Barewa za ta shiga masa alkama ta yi ɓarna yana kallo, in ya ɗaga mata kibiya ya ja wa kansa. Kiwo a gandun sarki ma sai an biya, kuma a tsakiyar lokacin zafi akwai tsawon wata guda da ake taƙaita shiga da dabbobi saboda barewa na haihuwa.

Ko kare bai tsira ba. Wanda ke zaune a gandu yana da babban kare, dole ya kai shi a yanke masa farata uku a ƙafar gaba, don kada ya iya cim ma barewa da gudu. Ka duba manomi da ya riƙe karensa na gadin gida ana datse masa ƙafa, ba don ya yi laifi ba, sai don gudun kada wata rana ya yi. In kuwa aka tsinci mushen barewa a daji, sai a tara mutanen ƙauyuka huɗu mafi kusa a yi bincike, kamar dai an tsinci gawar mutum.

Hukunci a farkon zamanin mai tsanani ne. Marubucin tarihin Ingila da ya rubuta labarin mutuwar Wiliyam a 1087 ya ce sarkin ya yi umarnin a makantar da duk wanda ya kashe barewa, ya kuma ce yana son barewa kamar shi ne ubansu. A New Forest ɗin nan ne kuma kibiya ta kashe ɗansa, sarki Wiliyam Rufus, yana farauta a ranar 2 ga Agusta 1100, kuma malaman coci na lokacin sun ɗauki abin a matsayin sakayya.

A ganina ba son farauta kaɗai ya raya dokar ba, kuɗi ne. Sarki guda ba zai iya farautar duk waɗannan dazuzzuka ba ko da kullum zai fita. Zuwa zamanin sarki Henri na biyu, wanda ya tsara dokokin a rubuce a 1184, gandun ya kai iyakar faɗinsa, har lardin Essex gaba ɗaya ya shiga ciki. Alƙalan gandu suna zagayawa lardi-lardi suna cin tara, wanda ya riga ya share fili sai a bar masa shi a yanka masa kuɗin shekara-shekara. Laifi ya zama hanyar shigar kuɗi ga baitulmali. Masu gadin daji kuma, da yake da yawansu daga aljihun mazauna wurin suke ci, sun zama abin tsoro. Wannan zalunci ne, kuma ya taɓa masu ƙasa da shugabannin coci, ba talaka kaɗai ba.

Shi ya sa da manyan ƙasa suka tilasta wa sarki John amincewa da yarjejeniyar Magna Carta a 1215, batun gandu na ciki. A ranar 6 ga Nuwamba 1217 aka fitar da takarda ta musamman kan gandun daji da sunan sarki Henri na uku, ɗan John, yana yaro ɗan shekara 10. Ta ce daga yanzu ba wanda zai rasa ransa ko wata gaɓa saboda barewa. Tara za a ci shi, in ba shi da abin biya ya yi shekara ɗaya da kwana ɗaya a kurkuku, sannan ya kawo masu tsaya masa ko ya bar ƙasar. Ta yi umarnin a fitar da filayen mutane da Henri na biyu ya cusa cikin gandu. Ta bai wa 'yantaccen mutum damar yin kiwo a dajinsa, ya haƙa tafkin kifi, ya kafa injin niƙa, ya ɗebi zumar da ke itatuwansa. Sai dai yawancin manoman lokacin ba 'yantattu ba ne, talakawan iyayen gidansu ne, don haka sassaucin bai same su kai tsaye ba. Yanke wa karnuka farata ma bai tsaya ba, an dai ƙayyade tarar wanda bai yi ba a sule uku. Ragowar dokokin gandun kuwa, sai a 1971 majalisar Birtaniya ta soke yawancinsu.